Babban kantin Akara

Akara ce babban birnin ƙasar Gana. Hausawa suna ce mata Ankara. A cikinta akwai unguwanni da ake kira zango, inda mutanen arewa suka zauna tun da daɗewa. Nima da Mamobi suna cikin manyansu. Akwai Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Dagombawa, da wasu ƙabilu da dama. Hausa ce ke haɗa su a titi da wurin ciniki.

Nima tana da kasuwarta, wadda take cika maƙil ranar Laraba. Ana samun masara, da wake, da shinkafa, da kayan yaji, da albasa irin wadda manyan motoci ke kawowa daga Nijar. Ana auna hatsi da wani gwangwani mai suna olonka. Rana tana dukan kowa, hayaniya kuwa ba a magana.

Ba nisa da nan, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba, akwai wata irin kasuwa dabam. Sunanta Accra Mall. An yi bikin buɗe ta a shekarar 2008. Tana kusa da babbar mahaɗar hanyoyi ta Tete Kwashi, inda hanyar Tema ta fara. Shi Tete Kwashi maƙeri ne. Ana tunawa da shi domin ya dasa kakawo a Gana a 1879, itacen nan da ake yin shokola da ƴaƴansa. Mai zuwa daga Nima yakan shiga ƙaramar motar haya da ake kira torotoro, ya bi ta tashar 37, kusa da asibitin soja.

Gini ɗaya ne ƙato, da rufi ɗaya. A gabansa akwai filin ajiye motoci da masu gadi. Abin da baƙo yake fara ji da ya shiga shi ne sanyi. Na'urori ne ke sanyaya iska tun safe har dare. Daɓen sumul yake, yana ƙyalli, masu shara suna goge shi a kai a kai. Fitilu suna kunne ko da rana tsaka. Babu ƙura, babu ƙuda, babu mai kiran ciniki. Sai kiɗa a hankali, da ƙamshin turare da na burodi mai zafi. Mutane ma sukan rage murya ba tare da an ce su yi ba.

Shaguna fiye da 60 ne a jere, kowane da bangon gilashi. Ga na tufafi da takalma, ga na wayoyi, ga kantin magani, da bankuna, da wuraren cin abinci, har da gidan silima. Lokacin da aka buɗe wurin, kantuna biyu ne mafiya girma, Shoprite da Game, dukansu na kamfanonin Afirka ta Kudu. Game ya rufe a 2022.

Yadda ake saye a nan shi ne abin lura. Mai saye yana ɗaukar keken tura kaya, ya bi tsakanin kantoci, ya zaɓi abin da yake so da hannunsa. An rubuta kuɗin kowane abu a gabansa, sidi kaza da pesewa kaza. Pesewa 100 ne sidi 1. A jikin kowane ƙunshi akwai ƴan layuka baƙaƙe. Idan aka zo wurin biya, wata na'ura ce ke karanta layukan nan, ta haɗa lissafi, ta fitar da rasit. Ana biya da kuɗi hannu, ko da katin banki, ko ta waya.

A kasuwar Nima, mai saye yakan gaida mai kaya, ya tambayi gida, sannan ya yi tayi. Mai kaya ta ce albarka, a ja, a ja, har a daidaita. In an auna, ta ƙara gyara. Wanda ta sani tana iya ba shi bashi zuwa ƙarshen wata. A babban kanti babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ma'aikaciyar da ke karɓar kuɗi ba ita ke da kayan ba, ba ta da ikon rage ko pesewa ɗaya. Wanda kuɗinsa bai kai ba, sai ya ajiye wani abu.

Me ya sa kaya da yawa suka fi tsada a nan? Masu shaguna suna biyan haya mai nauyi. Sanyin nan da hasken nan lantarki suke ci, lantarki kuwa kuɗi ne. Kaya da dama daga ƙasashen waje ake kawo su ta tashar jiragen ruwa ta Tema, a biya musu kuɗin kwastan. Idan darajar sidi ta faɗi, sai kuɗinsu ya tashi. Duk wannan a kan mai saye yake komawa. Masu kanti kuma suna da dabara. Keken yana da girma, kaya kaɗan ba sa cika shi. Alewa da biskit kuwa daf da wurin biya ake jera su, daidai tsawon yaro.

Ba duk wanda ya shiga ne ke saye ba. Shiga kyauta ce. Ranar Asabar da Lahadi, balle ranar Salla, yara da samari da ƴanmata na zango sukan zo cikin sabbin kaya. Su zaga, su sha iska mai sanyi, su ɗauki hoto. Wani lokaci yara uku su haɗa kuɗi su sayi askirim ɗaya su raba. Da yamma motoci sukan cushe a Tete Kwashi, torotoro ya yi ta rarrafe. Kafin su iso Nima, masu tsire da masu shayi sun riga sun hura wuta a bakin titi.

Tambayoyi

1. Wace rana ce kasuwar Nima take cika?
2. Me ya sa ba a yin tayi a babban kanti?
3. Yara uku sun sayi abin sidi 12, sun raba kuɗin daidai. Nawa kowa ya biya?