In ɗan'uwa ya cutu a asibitin ƙwaƙwalwa a Faransa

Mutanenmu na Paris da Lyon kan ce “haka Allah Ya ƙaddara” su yi shiru, ko da majinyaci ya kashe kansa ne a ɗakin jinya. To amma dokar Faransa ba ta yarda a binne maganar ba. Tun Nuwamban 2016, asibiti irin Sainte-Anne a Paris ko Le Vinatier kusa da Lyon dole ya sanar da hukumar lafiya ta yanki, ARS, nan take, sannan cikin wata 3 ya bayyana musabbabi da gyaran da zai yi.

Iyali kuwa haƙƙinsu ne a yi musu bayani cikin kwana 15. Wanda Faransancinsa bai nuna ba, doka ta ba shi damar tafiya da ɗan rakiya.