Wayar Ɗan Sanda da Takardar Inshorar Bogi

Duk direban da ya saba bin manyan hanyoyin Najeriya ya san yadda ake yi a shingen 'yan sanda. A ɗaga maka hannu, ka gangara gefe, a ce kawo takardu. Ka zaro tsohuwar leda daga aljihun mota, jami'i ya juya takardun gaba da baya, ya duba tambari, ya ɗago ya dube ka. Da ido kaɗai ba zai iya bambance takardar inshora ta ƙwarai da wadda aka buga a shagon kwamfuta ba, kuma shi ma ya san haka. Shi ya sa sau da yawa binciken ke ƙarewa da ciniki.

Wayar hannu ta fara rage wannan lalube. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, ta kafa rumbun bayanai mai suna NIID, inda kowane kamfani mai lasisi ke shigar da motocin da ya yi wa inshora. Jami'i na iya saka lambar mota a shafin askniid.org, ko ya danna *565*11# ko da a ƙaramar waya mai maɓalli ce, nan take ya ga ko motar na da inshora mai rai. Idan babu ta a rumbun, to mai yiwuwa takardar da ke hannunka tawada ce kawai.

Abin ya ƙara nauyi tun Janairun 2023, lokacin da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma kai diyyar ɓarnar dukiya naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta shiga tilasta dokar a faɗin ƙasa. Sai dai da yawa daga masu takardar bogi ba 'yan damfara ba ne, su aka damfara. Mutum ya miƙa wa wani dillali kuɗi a bakin ofishin lasisi domin a sabunta masa takardu, da yamma a kawo masa su a haɗe, sabbi ƙal, bai san ko kamfanin da aka rubuta yana nan a duniya ba. Ba zai gane ba sai ranar da tsautsayi ya sa ya bugi motar wani, ya je neman diyya a ce ba a san da shi ba. Lambar da ɗan sanda ke dannawa kai ma kana iya danna ta, gara tun kana tsaye gaban dillalin.

A Legas an wuce batun takardu. A 2021 gwamnatin jihar ta ba jami'an kula da zirga-zirga wasu na'urorin hannu masu ɗaukar hoto da bidiyon mai laifi. Ana aika wa mai motar sanarwa, ya biya tara a asusun gwamnati ko ya ƙalubalanci zargin a kotu. A ganina wannan ya fi komai amfani, domin jami'i ba ya buƙatar faɗawa cikin mota yana kokawar sitiyari da direba a tsakiyar titi, kuma musun "na yi" da "ban yi ba" ya koma kan hoto. Indiya ta yi nisa a wannan fanni: ana yanka tara ta tsarin e-challan, direba kuma na iya nuna lasisinsa a manhajar DigiLocker, doka ta amince.

To amma waya ba ta san komai ba sai abin da aka zuba a rumbu. A Najeriya mota kan wuce hannu uku ko huɗu ba a sauya sunan mai ita ba, sai takardar ciniki da shaidu biyu suka sa wa hannu. Idan direban yanzu ya keta jar danja, saƙon tara zai tafi wayar wanda ya sayar da ita tun tuni. Ga masu rufe lambar mota da ƙyalle, ga inda babu sabis sam tsakanin garuruwa, ga kamfanin da ya karɓi kuɗinka bai shigar da sunanka da wuri ba. Kuma kada mu yaudari kanmu: wayar da ke tantance inshora ita ce dai wasu ke karɓar na goro da ita ta tiransifa, ko a nuna wa direba mai POS da ke zaune ƙarƙashin bishiya.

Akwai kuma yawan hukumomi. 'Yan sanda, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, jami'an duba lafiyar motoci na VIO, da na jihohi irin su KAROTA a Kano, kowa na tare mota. A Yulin 2024 Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sa ranar fara tilasta rajistar motoci ta intanet, e-CMR, sai kuma ya dakatar tun kafin ranar ta zo bayan jama'a da lauyoyi sun yi ca. Ƙorafin a fili yake: motar da aka riga aka yi wa rajista aka biya, don me za a sake biyan wata hukuma ta rubuta bayanan da gwamnati ke da su?