Fari ne ya cinye mariri, ko bindiga?

A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da jerin halittun duniya da ke cikin haɗari, ta sa sunan mariri cikin dabbobin da suka ƙare a daji. Yaran yanzu da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba. Dabba ce fara mai jan wuya, dangin gwanki, da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa ta baya. A da garkunansa na yawo a bakin hamada tun daga Muritaniya har Sudan, kuma da fatarsa Abzinawa ke yin garkuwar yaƙi. In aka tambayi abin da ya ƙarar da shi, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce fari. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai ta yi wa ɗan Adam rangwame da yawa.

Ƙarewar jinsin dabba ba sabon abu ba ne, kuma ba kullum ne da hannun mutum a ciki ba. Masana sun ƙiyasta cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na halittun da suka taɓa rayuwa a doron ƙasa sun shuɗe. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono ƙasusuwan wani ƙaton kada da na manyan dabbobin da ake kira dainoso, waɗanda suka rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da koguna ke gudu a wurin. Wanda ya shiga gidan tarihi na Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa a tsaye. Shekaru miliyan 66 baya wani dutse daga sararin samaniya, mai faɗin kusan kilomita 10, ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko, ƙura ta tare rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na jinsin halittu suka bi su. Ko kusa da zamaninmu, Sahara da ciyawa da tafkuna take har zuwa wajen shekaru 5,000 da suka wuce. Raƙuman dawan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, ba a mafarki suka gan su ba.

To amma nan ne hujjar fari ke rauni. Mariri ya tsallake bushewar Sahara ɗungurungum. Dabba ce da ke yin watanni ba ta sha ruwa ba, laimar ciyawa da gunar daji sun ishe ta, ta kuma san inda za ta bi damina. Wadda ta jure dubban shekaru na ƙishi, me zai sa farin 1973 da na 1984 su zama ajalinta?

Abin da ya sauya shi ne wurin gudu. Maharbin da, a kan doki ko raƙumi, da mashi da karnuka, yakan kashe ɗaya ko biyu ya gaji ya koma gida. Da mota mai shiga rairayi ta zo tare da bindiga mai sarrafa kanta, sai aka riƙa bin garke a fili har ya faɗi don gajiya. Sojoji da ma'aikatan haƙar ma'adinai da masu farautar nishaɗi duk sun yi. Sannan ga rijiyoyin siminti da na burtsatse da aka haƙa a Sahel tun wajen shekarun 1950. Niyyar alheri ce, kuma makiyayi ya amfana, amma makiyayar da dabbobin gida ke shiga da damina kawai ta zama wurin zamansu shekara cur. Da fari ya zo, mariri ya nufi kudu kamar yadda ya saba, ya tarar da shanu da gonaki. Mafakarsa ta ƙarshe ita ce gandun Wadi Rime da Wadi Ashim a tsakiyar Chadi, wanda aka keɓe a 1969. Yaƙin basasar ƙasar ya kori masu gadi, ya cika dajin da makamai. Fari ya raunana dabbar, wannan ba musu, amma a ganina harsashi da rijiya su ne suka hana ta murmurewa.

Labarin karkandan Afirka ta Yamma ya fi wannan muni, don shi ko ciyawarsa ba a yi takara a kanta ba. Ƙahonsa kawai ake so: a Asiya a daka shi cikin maganin gargajiya, a Yaman a yi ƙotar wuƙa da shi. Abin takaici, sinadarin ƙahon ɗaya ne da na farcen mutum. Macen karkanda na ɗaukar ciki wata 15 zuwa 16, ta haifi ɗa guda, sai kuma bayan shekara biyu ko uku. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa ba ta iya tsere da kasuwa. Na ƙarshensu a arewacin Kamaru suka rayu. Masu bincike suka karaɗe yankin a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ya ƙare.

Yawa ma ba kariya ba ne. A da akwai wata tantabarar daji a Amurka da aka ƙiyasta yawanta da biliyoyi. Wayar tangaraho ta riƙa sanar da maharba inda tsuntsayen suka sauka, jirgin ƙasa ya riƙa kai naman birane, kuma ta ƙarshe ta mutu a gidan zu na Sinsinati a 1914.

Wani zai ce, to mene ne asarar manomi ko ɗan kasuwa in wata dabbar daji ta ɓace? Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa mutuwa saboda wani maganin ciwo, diclofenac, da ake yi wa shanu allurarsa, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan suka tafi. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya yawaita, sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. Wannan bai kamata ya wuce mu ba. Duk wanda ya girma kusa da mahauta a ƙasar Hausa ya san yadda ungulu ke cika bishiyoyi a da, kuma ya san yanzu sai an yi dace ake ganinta. A nan guba ce da cinikin kai da ƙafafunta don tsibbu ke cin ta, kuma tun 2015 irin ungulun da ta saba zama cikin garuruwanmu tana jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Mariri ya yi sa'ar da karkanda bai samu ba: an kama wasu tun kafin ƙarewar an ajiye a gidajen zu da gandaye a ƙasashen waje. A 2016 gwamnatin Chadi da hukumar muhalli ta Abu Dabi suka ɗauko 25 a jirgin sama suka mayar Wadi Rime. Sun hayayyafa, an ƙaro wasu, kuma a Disamba 2023 IUCN ta cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Aikin ya ci kuɗin da ƙasashen Sahel kaɗan ne za su iya fitarwa su kaɗai. Hanyar da aka bi a Kure, kusa da Yamai, ta fi araha nesa ba kusa ba, domin an farga da sauran rai. Raƙuman dawa 49 suka rage a can a 1996. Aka tsaurara hana farauta, aka sa mutanen ƙauyukan cikin aikin ja-gorar baƙi, aka tallafa wa manoman da dabbar ke ci wa wake, yawansu ya haura 600. A 2018 har an ɗebi takwas an kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru kusan 50 ba a ga raƙumin dawa ba.