Hanya Biyu Ga Yaran Makaranta: Samaru da Badagiri

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan akwai yara masu yawa da za su gama makaranta ba su taɓa sa ƙafa cikin Jami'ar Ahmadu Bello ba, alhali kuwa wanda ya tashi daga Hunkuyi da sassafe zai isa Samaru kafin hantsi. Sunanta kaɗai suke ji, kamar yadda suke jin sunan Masar. Wannan kuwa nauyi ne a wuyanmu mu malamai, gama yaron da bai ga wuri ba, da wuya ya sa ransa ga shigarsa.

An buɗe jami'ar nan ran 4 ga Oktoba, 1962. Shugabanta na fari Dokta Norman Alexander ne, sa'an nan Dokta Ishaya Audu ya gaje shi cikin 1966. Amma Samaru ta girmi jami'ar, domin tun 1922 Ma'aikatar Gona ta kafa wurin gwajin shuke-shuke a can. A ganina nan ya kamata a fara kai yaranmu, tun kafin Laburaren Kashim Ibrahim. Ɗan mai gonar rake a Makarfi, ko ɗan mai lambun tumatir a Ikara, in ya ga manyan malamai durƙushe cikin kunya suna auna zangarniya suna rubutawa, zai gane noman ubansa ma ilmi ne. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake waɗanda sunansu ya fara da SAM, daga waɗannan gonaki suka fito. A komowa sai a ratsa ta Kongo, inda aka horar da akawunan En'e tun ba a yi jami'ar ba.

Tafiya ta biyu doguwa ce, ta fi mil 500, sai ɗaliban kwalejin horon malamai da suka yi ƙwari. Daga Zariya a bi ta Kaduna, a ƙetare Kwara a Jebba, a wuce Ilori da Oyo da Badun har Ikko. Malami mai lura ba zai bar su su yi ta barci cikin mota ba. Zai nuna musu inda kuka da ɗorawa suka ƙare, inda kwakwar manja ta soma, da yadda kurmi ke rufe hanya. Kada a daɗe a Ikko, hayaniyarta ba ta barin mutum ya koyi kome. A miƙa yamma wajen iyakar Jamhuriyar Benin, sai ga Badagiri, gari mai natsuwa a bakin ruwa, cike da itatuwan kwakwa da jiragen masunta.

To, me ya haɗa ɗan Kudan da Badagiri? Hanya ce. Daga nan Kyaftin Clapperton da yaronsa Richard Lander suka tashi cikin Disamba 1825. Ba su iso Zariya ba sai Yuli 1826, suka ratsa ƙasarmu zuwa Kano, watau wata 7 ga tafiyar da mota ke yi cikin kwana 2. Clapperton ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Lander kuwa ya koma Badagiri cikin shekarar nan ba maigidansa.

A garin akwai benen da 'yan mishan suka gina cikin 1845, wanda ake cewa shi ne bene na fari irin na Turawa a Nijeriya. Mu da muka san soraye a Zazzau da Kano sai mu riƙa ƙara "irin na Turawa" ɗin nan, kada a yi mana ƙwange. Akwai kuma makarantar da ta samo asali tun 1843, kusan shekara 80 kafin a buɗe Kwalejin Katsina. Wannan lissafi ya isa mai shirin zama malami ya yi shiru ya yi tunani.

Abin da ya fi nauyi yana hayin ruwa. A shiga kwalekwale a ƙetara zuwa tsibirin Gberefu, a taka rairayi har bakin teku. Ta nan aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa, cikinsu kuwa har da Hausawa, waɗansu aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil. A bar ɗalibai su yi tafiyar nan da ƙafa, da rana, ba a hanzarta su ba, sa'an nan a zaunar da su gaban teku kowa ya rubuta abin da ya gani kafin a koma mota.