Zaɓen Ma'ajin Sauti: WAV ko AIFF

Duk mai niyyar ɗaukar kiɗa da waƙa da na'ura, lalle ne ya fara yanke shawarar irin fayil ɗin da zai zuba sautin a ciki, gama abin da aka yar ba ya komowa. MP3 yakan zubar da wani sashe na sauti don ya ƙanƙance, saboda haka bai dace da ajiya ba. Cikin waɗanda ba su matse sauti, fitattu biyu ne: AIFF, wanda kamfanin Apple ya fitar a 1988, da WAV na Microsoft da IBM, a 1991.

Dukansu hanya ɗaya suke bi, watau a auna motsin sauti sau dubbai kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. In awonsu ya zo ɗaya, kunne ba shi iya rarrabe su. Bambancinsu a tsarin jera lambobi ne, da bayanan da ke tafe da sautin.

A kan bayanan nan ne zaɓi ya rataya. A 1997 Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai ta faɗaɗa WAV ya zama BWF, mai gurbin rubuta ranar ɗauka da lokaci da bayanin abin da aka ɗauka. Shi masu adana sauti suka fi amincewa da shi, da awo 48,000 ko 96,000 a daƙiƙa, da bit 24. Amma fa iyakarsa gigabait 4, kamar sa'a biyu ke nan a babban awon, cikin sitiriyo. Mai ɗaukar wasan da za a kwana ana yi, sai ya rarraba shi, ko ya koma ga RF64.