Bacirawa A Ƙasar Wa Take?

Idan baƙo ya sauka a Kano ya tambayi inda Bacirawa take, amsar da zai samu ta danganta da wanda ya tara. Mai adaidaita sahu zai ce masa ya kama hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo, sannan ya fara tambaya. Ma'aikacin hukumar zaɓe zai ce mazaɓa ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Ungogo. Dattijon da ya tashi a can tun ana shuka gero har ƙofar gida kuwa, ba zai kawo zancen titi ko mazaɓa ba. Cewa zai yi ƙasar dagaci wane ce, shi kuma yana bin hakimi wane, hakimin yana bin Sarkin Kano. Dukkansu gaskiya suka faɗa. Tsani biyu ne aka jingina a bango ɗaya. Na farko ya tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, hakimi, har fada. Na biyu ya tashi daga kansila zuwa ciyaman, har gidan gwamnati. Kuɗi da doka suna kan na biyun, amma ranar da rigimar iyakar gona ta tashi, na farkon ake hawa.

Kafin a gane dalili sai an dubi ƙasar kanta. Karkarar da ta kewaye birnin Kano ba irin sauran karkara ba ce. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, kuma shi ya fi kowa yaɗa sunan da masana ke kiranta da shi, wato yankin cunkoson zama na Kano. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, gona ba ta hutawa a nan. Kowace shekara ana noma ta, kuma ba ta mutu ba. Sirrin yana wajen taki: na awaki da tumakin da ake ɗaurewa a gida da damina, da kuma sharar birni da toka da ake ɗaukowa a mangala bisa jakuna da rani, jakunan da suka kai itace birni da safe. Wata masaniya, Polly Hill, ita ma ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, littafinta ya fito a 1977, ta kuma nuna yadda mutane ba su dunƙule a gari ɗaya ba, gidaje ne warwatse cikin gonaki, kowa a bakin tasa. Babu daji tsakanin wannan ƙauye da wancan. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowace bishiya da mai ita. Iyakar gona layin gamba ne, ko shingen lalle, ko aguwa a gefen burtali. A irin wannan wuri taku uku na ƙasa ya isa ya raba zumunci, kuma taswirar da ta nuna waɗannan taku ukun ba a ofis take ba, a kan mai unguwa da dattawansa take.

Tsarin da muke ɗauka tun fil azal yake, ba haka yake ba. Kafin 1903 yawancin hakimai a cikin birni suke zaune, garuruwansu kuma a warwatse, ɗaya gabas ɗaya yamma. Jakada ne ke zirga-zirga tsakanin hakimi da ƙauye, shi ke karɓo kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi, shi ke kai saƙo ya dawo da amsa, kuma kowa ya san hannun da ya raba ba ya rasa lasa. Wasu wuraren ma gandun sarki ne kai tsaye, irin Fanisau da ke cikin Ungogon nan, inda Bature Clapperton ya iske Sarki Ibrahim Dabo a 1824. Da Turawa suka ci Kano suka naɗa Sarki Abbas, cikin 'yan shekaru suka tattara ƙauyukan da ke maƙwabtaka suka mai da su gunduma ɗaya, suka tura hakimai su zauna a ƙasarsu, suka kawar da jakadu. Ba don tausayin talaka suka yi ba, don haraji ya shigo baitulmali cikakke ne. Daga nan dagaci ya zama ma'aikacin En'e, da takardar sunayen magidanta a hannunsa, mai unguwa kuma ya zama ƙafarsa.

Wanda ya ji labarin zamanin daga bakin kakanninsa ya san ba zuma ba ce. An shanya mutane a rana saboda haraji, an sayar da akuyar gida ɗaya tilo, wasu sun tsere cin rani ba su dawo ba. A kan wannan ƙunci jam'iyyar NEPU ta ginu tun 1950. Sauye-sauyen 1976 suka rushe En'e suka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye ga gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, aka yi ta murna, kuma murnar tana da hujja. Sai dai akwai abin da ya bi harajin ya tafi ba a lura ba. Takardar nan ta sunaye, duk da muguwar manufarta, ita ce kaɗai rajistar da ake sabuntawa kowace shekara a ƙauye: wa ya rasu, wa ya balaga, wa ya ƙaura, wa ya sauka. An kawar da bulalar, an haɗa da littafin. Ba a kawo wani a madadinsa ba.

Yau tsarin mulki na 1999 bai san dagaci ba, balle mai unguwa. Matakin ƙarshe da ya sani shi ne ƙaramar hukuma, guda 774 a ƙasar, 44 a Kano, da mazaɓu 484. To amma ina ƙanƙantar? Ƙidayar 2006 ta ba Ungogo mutum 369,657 a faɗin murabba'in kilomita 204, kuma duk wanda ya bi ta Rijiyar Zaki ko Bacirawa kwanan nan ya san wannan adadi ya zama tarihi. Kansila ɗaya ne ke wakiltar mazaɓa guda, dubban gidaje ke nan. Shi ya sa duk lokacin da gwamnati ta so ta kai hannu cikin gida, sai ta sauko daga tsaninta ta ari na fada. Bayan ƙauracewa allurar shan inna da aka yi a Kano a 2003 zuwa 2004, ba takardar sakatariya ce ta buɗe ƙofofi ba. Masu unguwanni ne suka shiga gaba, ma'aikatan rigakafi na biye, ana sallama gida gida, har aka kai ga ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a 2020. Haka ake yi a ƙidaya, haka ake yi idan ɗalibi na neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma: sai mai unguwa da dagaci sun ce sun san ubansa.

A nan ne nake ganin akwai abin dubawa a ƙasar Foland, can gabashin Turai, ƙasar manoma ce mai ɗimbin ƙananan ƙauyuka, wasu gidajensu ba su kai na unguwa ɗaya a Ungogo ba. Idan za a faɗi inda ƙauye yake a can, jerawa ake yi kamar yadda dattijonmu ya jera: ƙauye kaza, a gimina kaza, a gunduma kaza, a lardi kaza. Larduna 16 ne tun 1999. Gimina ita ce ƙaramar hukumarsu, kusan 2,500 ne a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 40 ba, wato kowace tana kula da abin da bai wuce mutum dubu goma sha shida ba a matsakaici. Ƙarƙashinta kuma akwai ƙauyuka sama da 40,000 da doka ta sani, kowanne da shugabansa da ake kira soltis. Sarauta ce tsohuwa, tun ƙarnonin tsakiya, da can ma gado ake yi. Yanzu taron mutanen ƙauye ne ke zaɓensa, mata da yawa suna riƙe da ita, kuma a wurare da dama shi ke karɓar harajin gona ya kai gimina. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar 2009, wadda ta ba gimina damar ware wa kowane ƙauye wani ɗan kaso daga kasafinta. Mutanen ƙauyen ne ke zama su yanke abin da za a yi da shi, ko gyaran hanya, ko fitilar titi, ko rufin ɗakin taro. Kuɗin ba su da yawa. Amma an san nawa ne, an san ranar zama, an san wanda za a tambaya.

Ban ce a kwaso wannan a dasa a Kano ba. Rawanin dagaci ba a akwatin zaɓe yake samun kwarjini ba, kuma mun ga yadda zaɓen ƙananan hukumomi ke ƙarewa a nan: jam'iyyar da ke gidan gwamnati ta kwashe duka 44, ko wace ce ita, kamar yadda aka sake gani a Oktoban 2024. Idan aka mai da mai unguwa ɗan takara, an rasa mutum ɗaya da ya rage wanda kowane ɓangare ke zama a zaurensa. Abin da za a iya ara shi ne kason da zaman. Mutanenmu ba baƙin gayya ba ne. Kwalbati nawa ƙungiyoyin unguwa suka gina da karo-karo? Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, a sakatariya kuɗin za su tsaya. Daga sakatariya zuwa bakin burtali kuwa akwai tafiya. A sama kuma, an ƙirƙiri sababbin masarautu a 2019, an rushe su a 2024, an cika jaridu da kotuna da zancen wa ke bin wa, ba wanda ya tsaya tambayar da me mai unguwa ke cin abinci.

Tambayar ba ta wasa ba ce, musamman a wuri irin Bacirawa da birni ya riga ya cim mata. Gonar da ta ciyar da gida shekara ɗari yanzu ana yanka ta fuloti fuloti, magada su raba, dillalai su kawo masu saye. Takardar ciniki ba ta cika sai da sa hannun mai unguwa, wani lokaci da hatimin dagaci, kuma ana ba su wani abu na shaida. Ga mutumin da ba shi da albashin kirki, ga iyali, ga baƙi kullum a zaure, wannan ce ƙofar samu mafi girma. Da yawansu suna riƙe amana, sun sha hana sayar da gonar marayu. Wasu kuma an ji yadda fili ɗaya ya samu masu shi biyu, ko burtali ya shige cikin katangar wani, ko aka yanka unguwa guda ba a bar hanyar ruwa ba, sai da damina ta zo aka tuna. Mai sayen fulotin ma sau da yawa daga cikin birni ya fito ko daga wata jiha, bai san layin gambar da ke nan da ba, shingen lallen kuma tuni aka tumɓuke shi aka jera bulo. Dattawan da suka san inda gonar wane ta tsaya suna raguwa kowace shekara, kuma yawancin abin da suka sani ba a rubuta shi ko'ina ba.