Kujerun da Ba Su Kai ga Wahayu Ba

Daga zaɓen 1993 har zuwa 2023, Nijar ta ware kujeru 8 a majalisar dokoki domin ƙananan ƙabilu. Ta Tassara a jihar Tahoua, alal misali, an tanade ta ne saboda Larabawa. A shekarar 2000 aka kafa dokar kason mata, wadda ta fara da kashi 10 cikin ɗari na muƙaman zaɓe, ta kai 25 a 2019. Tsari ne mai kyau, ya kuma shigar da mutanen da yawan ƙuri'a kaɗai ba zai taɓa shigar da su ba. Sai dai wanda ake iya ƙirgawa da harshe ko jinsi kawai yake gani. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela akwai waɗanda asalin bauta ya danne, musamman wahayu, matan da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, ba sadaki, ba gado. Hausa suke ji kamar kowa, wasu Tamashek, don haka babu kujerar da ta san da zamansu.

Hadijatou Mani, ɗaya daga cikin wahayun nan, tana da shekara 12 aka sayar da ita kan jika 240 na sefa a 1996. Dokar hukunta bauta ta fito a 2003, amma shari'arta ta yi ta kai-komo a kotunan Ƙonni, har ita aka ɗaure bisa zargin aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi ne suka tsaya mata. Ɗan siyasa kuwa ta hannun masu gari da masu gonaki yake samun ƙuri'a, da wuya ya ɓata musu rai.

Wani zai ce ware kujera ga zuriyar bayi tona asiri ne, kuma wa zai hau mumbari ya kira kansa bawa? Wannan gaskiya ce, shi ya sa maganin yana ƙasa: mallakar gonar da mutum yake nomawa, takardar haihuwa, da gurbi na gaba a jerin 'yan takarar majalisun ƙananan hukumomi. Mai noma a gonar aro ba ya zaɓen son ransa. Sojoji sun rusa majalisar dokoki a Yulin 2023, suka rusa na ƙananan hukumomi a 2024; duk ranar da za a sake rubuta dokar zaɓe, wajibi ne a zauna da waɗannan mata kafin a raba kujeru.